Labbo Mai Rediyo da Rumbun da Ya Yi Shiru

Duk wanda ya san hanyar tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda ya san shagon Labbo, ko da bai san sunan mai shi ba. Shi ne shagon da lasifika uku ke rataye a ƙofarsa, babu mai magana a cikinsu. Masu su sun kawo gyara, an gyara, ba su dawo ba. Labbo kuwa ba ya sayar da kayan mutane, kuma ba ya kunna su.

A Ɗan Isa aka haife shi, gidan manoma gero da dawa. Yana da shekara goma sha uku ya gano cewa rediyon ubansa na ƙara murya idan aka ɗaura wayarsa a kwanon rufin masallaci. Liman bai ga amfanin wannan bincike ba, ubansa ma haka. Bayan damina biyu aka yarda cewa gonar za ta fi samun lafiya idan Labbo ya tafi Kaura koyon gyara.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, duk mai takardar firamare ya ɗinka sabuwar riga ya nufi Gusau neman aiki. Labbo ma ya je. Ya dawo bayan kwana huɗu da sabon ƙarfen narka dalma, kuma a layinsu shi kaɗai ne ya komo da abin da zai yi aiki da shi. Da Shari'a ta zo aka rufe gidajen kallo, masu kawo masa bidiyo suka ɓace rana ɗaya. Bai yi ƙorafi ba, domin a watan ne kowane masallaci ya ga ya kamata unguwar gaba ta ji shi. Lasifika da amfilifaya suka cika shagon. Daga baya kwamfuta ta shigo gari, ya karɓe ta kamar yadda ya karɓi sauran: ya kwance, ya duba, ya kara kunne. Haka yake aiki har yau. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin na'ura, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Turancinsa bai wuce abin da ke rubuce a jikin batir ba, amma kunnensa bai cika ba shi kunya ba.

'Yarsa ta fari sunan mahaifiyarsa ta ci, Rukayya, saboda haka Uwata yake ce mata. A Zurmi aka haife ta, gidan kakanninta na wajen uwa, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Uwar ta kwanta zazzaɓi bayan suna, wata maƙwabciya mai goyo da ake kira Kubura ta shayar da jaririyar wata biyu. Wannan kowa ya sani, ba a taɓa ɓoye shi ba.

A shekarar 2009 Rukayya ta gama karatun kwamfuta, aka sa ranar aurenta da Muhtari ɗan Alhaji Mahmuda na Zurmi. Su biyun suka zaɓi juna, iyaye suka sa albarka. An buga katin gayyata ɗari uku, suna cikin kwali a ƙarƙashin teburin Labbo, saura kwana tara a ɗaura aure, sai Gwaggo Suwaiba, yayar Alhaji Mahmuda, ta tuna wani abu. Ta ce da idonta ta ga an goya ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙanenta an kai shi gidan Kubura shan nono, kuma a ganinta Muhtari ne.

Idan Muhtari ne, to shi da Rukayya wa da ƙanwa ne na shayarwa, babu aure har abada. Idan wansa Murtala ne, babu komai. Uwar yaran ta rasu. Kubura ta rasu. Aka tambayi Alhaji Mahmuda, mutumin da ya yi shekara talatin yana aikin rajista a kotu kuma ya san ranar da aka yanke kowace shari'a, ya ce shi dai ya san an haifi yaran kuma sun girma. Ya tambayi malamai, suka ce maganar mace ɗaya ba ta raba aure, amma barin abin da ake shakka ya fi. Ya ce to shi ba zai ɗaura aure a kan shakka ba, sai an duba littafin Hajiya.

Hajiya Ummuhani ita ce unguwarzomar unguwarsu a Zurmi, kuma malamar mata. Tun tana amarya ta ga an raba wani aure mai 'ya'ya uku saboda an gano ma'auratan nono ɗaya suka sha. Daga ranar ta fara rubuta duk shayarwar da ta sani da ajami: wa ta shayar, ɗan wa, wata nawa, saboda me. Ta yi shekara arba'in da wani abu tana yi. Lokacin da take raye, kafin a kai kuɗin gaisuwa a unguwar, sai an aika a tambayi littafin Hajiya.

Da ta rasu, ɗanta Malam Muttaka, malamin Larabci mai ritaya, ya tarar gara ta fara karatun littattafan daga baya zuwa gaba. Ya zo Kaura neman shawara. Labbo ne ya haɗa masa kwamfuta, ya sa mata sabon had-dis, wato rumbun da take ajiye komai a ciki, kuma Labbo ne ya ce masa, a gaban shaidu, kwamfuta ba ta mantuwa. Malam ya yi wata goma sha huɗu yana juya ajami zuwa boko da yatsa ɗaya. Da ya gama, ya dubi tsofaffin takardun. Kowane shafi da Bismillah ya fara, kuma ya san inda tsohuwar takarda ke ƙarewa a garin nan, hannun mai tsire ko mai ƙosai. Saboda girmama sunan Allah ya ƙone su, ya binne tokar a gindin bango.

Ranar da aka zo tambayarsa, ya kunna kwamfutar, ta nuna masa baƙin allo da layi ɗaya na Turanci. Washegari da safe ya rungumo ta a bayan mota zuwa Kaura.

"Malam Labbo, kai kac ce ba ta mantuwa."

"Allah shi gafarta Malam, ni nac ce."

"To ga ta. Tambaye ta."

Labbo ya canza wayar da ke haɗa rumbun da kwamfuta. Ya canza ta wuta. Ya ciro rumbun ya sa a wata kwamfutar, ita ma ta yi kamar ba ta ga baƙo ba. Sai ya ɗauko sukundireba ya kara kunne. Rumbun da ya mutu yakan yi ƙas-ƙas kamar ɓera a kwano, ko ya yi shiru gaba ɗaya. Wannan yana juyi sumul, numfashinsa daidai.

"Lafiyarshi lau," in ji Labbo. "Magana ce ba ya so."

"Ni ma da safen ga hakanan nike," in ji Malam Muttaka, "amma ga ni ina yi."

Labbo bai taɓa ganin irin wannan ciwo ba, kuma ya faɗa. A gida ba a yi masa gori ba, abin da ya fi gori ciwo. Matarsa ta daina zancen gara da kayan ɗaki. Rukayya ta ci gaba da wanke-wanke da shara kamar kullum, sai dai takan share wuri ɗaya sau biyu. Kwana na uku ta zo shago da rana, abin da amarya mai jiran biki ba ta yi, ta kwafi lambobin da ke jikin rumbun a tafin hannunta, ta wuce kafe, shagon intanet. Ta dawo da shafi shida da aka buga.

"Baba, ba shi kaɗai ba ne. Irinshi da yawa sun yi haka a duniya."

"Annoba ce ke nan."

Ta yi masa bayani, shi kuma ya juya bayanin zuwa abin da zai iya faɗa wa Malam. A cikin kowane rumbu akwai ɗan karatun da masu ƙera shi suka rubuta masa, famweya ake ce masa, shi yake fara bi idan ya farka kafin ya amsa sallamar kwamfuta. A cikin na wannan akwai kuskure. Rumbun yana ƙirga abubuwan da ke faruwa da shi, kuma idan aka kashe shi daidai lokacin da ƙirgar ta tsaya a kan wata lamba, in ya farka sai ya tsaya nan yana ta neman inda ya kwana. Duk wanda ya kira shi, amsa ɗaya ce: ina aiki. Abin da aka ajiye a ciki yana nan, ƙofa ce ta kulle ta ciki.

"Sau nawa Malam ka kashe ta a wuni?" Labbo ya tambaya a waya.

"Duk sanda anka kira salla mana. In bar ta tana kallon ɗaki ni ina masallaci?"

Sau biyar a rana, wata goma sha huɗu, ban da na masu ɗauke wuta. Mai kashe kwamfutarsa sau ɗaya a rana zai iya shekaru bai faɗa kan lambar ba. Malam Muttaka ya same ta da wuri saboda kiyaye lokaci.

Maganin, in ji takardar, shi ne a yi wa rumbun magana ta bayan gida. A gefensa akwai wasu 'yan ƙananan ƙusoshi da ba a sa musu komai. Ta nan masu ƙera shi ke ba shi umarni. Ana bukatar wata waya ta musamman, irin wadda ake haɗa tsofaffin salula da kwamfuta, mai ɗan ƙullutu a tsakiya. A Kaura duk wanda aka tambaya ya ce ya taɓa ganinta. Ranar Alhamis Labbo ya rufe shago ya tafi kasuwar Shinkafi, inda abin da duniya ta gama da shi ke zuwa hutawa. Ya same ta wajen wani mai tabarmar caja da tsofaffin batura, an ɗaure bakin buhu da ita. Mutumin ya yi mamakin mai son igiya ya bar buhu.

Ranar Asabar, saura kwana biyu cikin taran, aka taru a shago da hantsi: Labbo, Rukayya, da Malam Muttaka wanda ya ce ba zai zauna a Zurmi ana yi wa littafin uwarsa tiyata ba. An aro janareto, domin takardar ta ce idan wuta ta yanke a tsakiyar aikin, rumbun zai iya yin shirun da babu magani. Labbo ya yanke kan wayar, ya fere siraran wayoyi uku, ya laƙa su a ƙusoshin. Sukurorin allon rumbun, wato ɗan faifan lantarkin da ke manne a cikinsa, masu kan tauraro ne, babu sukundirebansu a garin, tun jiya ya goge wani tsoho da zarto har ya shiga.

"Yanzu a sassauta sukuru ɗaya," in ji Rukayya tana karantawa, "a zura ɗan kwali tsakanin allon da jikin rumbun, don kada allon shi ji sauran jikin. In ya ji, zai koma ma ruɗewarshi."

Labbo ya duba teburin. Kwalin sabulu ya yi kauri. Takardar littafi ta yi laushi. Ya sunkuya ya zaro kati ɗaya daga cikin ɗari ukun da ke ƙarƙashin tebur. Kaurinsa daidai.

"A'a," in ji Malam Muttaka. "Akwai Bismillah bisa kai. Ba a cusa ta cikin ƙarfe."

"Allah shi gafarta Malam, to ƙasan."

"Ƙasan akwai Muhammad, sunan waliyyin amarya."

Aka juya katin ana neman inda babu kowa. Mai bugawa ya cika shi da sunayen iyaye, 'yan kwamiti da masu karɓar baƙi har bakin iyaka. A gefen dama kaɗai aka sami farin fili mai faɗin yatsa. Labbo ya sa almakashi ya yanke shi, Malam ya karɓa ya duba gaba da baya, ya amince.

Aka zura, aka ba rumbun wuta. Rukayya na zaune gaban kwamfutar shagon, ta danna abin da takardar ta ce. Allo bai nuna komai ba. Ta sake. Babu komai. Ta ɗora hannayenta a cinya.

Labbo ya dubi wayoyin nan uku. Shekara tara yana gyaran lasifikar masallatai, ya san abin da ke faruwa idan aka sa wayar baki a ramin kunne.

"Uwata, dakata. Su biyun duk magana sukai, babu mai saurare."

Ya musanya biyu daga ciki. Ta danna. Harafi ɗaya da 'yar alama suka fito a kusurwar allo, suna jira. Malam Muttaka ya gyara tabarau ya matso.

"Shi ke nan abin da yac ce?"

"Sallama ce ya amsa, Malam."

Ta rubuta umarnin farko, wanda ke sa rumbun ya ɗauka cewa ya kwanta barci. Ya amsa. Sai aka zo wurin da Labbo ya kwana biyu yana tunani: a zare kwalin, a ɗaure sukurun, alhali wuta na jikin allon. Idan bakin sukundireba ya zame ya taɓa wani wuri, allon ya ƙone. Ya goge tafinsa a riga. Mutumin da ke laƙa dalma yana hira da mutum uku ya ce kowa ya yi shiru. Ya zare, ya ɗaura, ya juya sau uku, ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya taɓa tukunya.

Umarni na biyu ya tayar da rumbun, Labbo ya ji juyinsa ta cikin tebur. Na uku ya share ƙirgar da ta ruɗa shi. Aka cire masa wuta, Rukayya ta ƙirga goma a fili, aka mayar. Saura na ƙarshe, dogo mai waƙafi da yawa. Ta karanta shi sau biyu, ta sa ubanta ya bi da yatsa a takarda yana gwada kowane harafi da na allo, sannan ta danna.

Babu abin da ya faru. Takardar ta ce haka za a gani, a jira, minti ɗaya ko goma, kada a taɓa komai.

Suna cikin jira aka kira azahar. Lasifikar masallacin layin ce, Labbo ne ya gyara ta, saboda haka babu wanda zai ce bai ji ba. Malam Muttaka ya miƙe yana amsa kiran, ya gyara hula, hannunsa na dama kuma ya tafi inda ya saba zuwa sau biyar a rana. Makunnin soket ɗin yana gefensa.

Labbo ya cafke wuyan hannun.

Tun da aka kafa Kaura ba a ji mai gyaran rediyo ya riƙe hannun malami haka ba. Suka tsaya suna kallon juna, ladan na ci gaba. Malam ya dubi yatsansa, saura kaɗan ya kai, ya dubi allon.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Riƙe shi da kyau, Malam Labbo. Ban yarda da shi ba."

Haka suka tsaya har aka gama kiran salla. Kafin a tayar da iƙama layuka uku suka fito a allo. Rukayya ta karanta, ta sake karantawa, ta ce ya gama. Suka kashe komai da izinin takarda, mazan suka tafi masallaci. Labbo ya ce bai san surar da ya karanta ba.

Da suka dawo aka mayar da rumbun cikin kwamfutar Malam. Ta yi ƙara ɗaya, ta ambaci sunansa a allo kamar ba a taɓa ɓatawa ba, ta buɗe. Malam ya kai hannu zai nemi shafin, Rukayya ta ce ya yi haƙuri. Ta fara kwafe littafin gaba ɗaya a wuri biyu, ta ba shi ɗaya ya sa a aljihu. Labbo ya lura cewa amsar na gabanta, kuma duk da haka ba ta tsallake wannan ba.

Sannan ta rubuta sunan Kubura. Shayarwa bakwai suka fito, ta shida ita ce Rukayya 'yar Labbo na Kaura. Ta ce ba za ta iya karanta sauran ba, ta koma bakin ƙofa ta juya baya. Malam Muttaka ya karanta da muryar da yake karanta wa ɗalibai.

"Kubura matar Tambari ta shayar da Murtala ɗan Mahmuda wata huɗu, uwarsa na ciwon nono." Ya gangara ƙasa. "Ga wani kuma, bayan shekara biyu. An kai Muhtari ƙanensa gidan Kubura, ciwon ya dawo. Ya ƙi kamawa. An gwada kwana biyu ina wurin, ko ɗigo bai sha ba. Da madarar akuya anka riƙe shi har uwar ta warke."

Ya cire tabarau. "Ashe Suwaiba ba ta yi ƙarya ba. Ta ga an kai shi. Ba ta tsaya ta ga an dawo da shi da yunwa ba."

Daga bakin ƙofa aka ji wani sauti, ba a san ko dariya ba ne ko kuka, mai shi kuma ba ta juyo ba. Labbo ya zauna a kan wata amfilifaya da ba tasa ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaro mai taurin kai tun yana zanen goyo," ya ce. "Uwata, kin dai ji wanda za ki aura."

"Na ji, Baba."

An buga shafin aka kai wa Alhaji Mahmuda a Zurmi kafin la'asar. Ya karanta, ya tambayi ranar da aka rubuta, ya ce a ci gaba da shiri. An ɗaura auren ranar da aka sa.

Malam Muttaka ya sa an buga littafin Hajiya duka a takarda, kwafi uku, ba tare da Bismillah a kan shafukan ba, don kada wani mai tsoron Allah ya sake ƙone su. Har yanzu yana kashe kwamfutarsa idan an kira salla. Labbo kuwa ya daina cewa kwamfuta ba ta mantuwa. Idan mai saye ya tambaye shi, yakan ce tana da ƙoƙari.

Katunan gayyata an raba su a kwana ɗaya, mutane sun fi katin yawa, har aka zo kan wanda aka yanke wa gefe. Rukayya ta ce kada a yar. Ta rubuta sunan Gwaggo Suwaiba a bayansa da hannunta. Gwaggo ta zo biki da shi a jaka, tana nuna wa mata yadda masu buga kati na yanzu ke rowar takarda.